Daga Kano zuwa Gashaka-Gumti: kwana huɗu za su isa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne, ina zaune a Gwammaja. Ni da abokaina uku muna son zuwa gandun dajin Gashaka-Gumti a watan Agusta, a motata Corolla. Kwana huɗu muke da su. Ta ina za mu bi, kuma me za mu gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wurin da kuka zaɓa ya cancanci wahalar zuwa, amma abu biyu a shirinku sai an sake su: watan da kuka sa, da yawan kwanakin.

Bari mu fara da hanya. Za ku fita ta Wudil, ku wuce Birnin Kudu, ku bi ta Darazo da Dukku zuwa Gombe. Daga nan sai Kaltungo, ku haye gadar Binuwai a Numan, ku nufi Jalingo, sannan Garba Chede, Bali, har Serti, inda hedikwatar gandun take. A takarda abin kamar wasa. A ƙasa kuwa tafiyar kwana biyu ce ga wanda ba ya tuƙin dare, kuma ban yarda ku yi tuƙin dare a wannan hanya ba, ko da direbanku ya rantse ya san ta kamar tafin hannunsa. Ku yi sammako bayan asuba, ku kwana a Gombe, ko Jalingo idan rana ta ba ku dama. To lissafa da kanka: biyu zuwa, biyu dawowa. Kwana huɗunku sun ƙare a kan kwalta, ba ku ga ko dabba ɗaya ba. Mafi ƙaranci ku nemi mako guda.

Sai maganar Agusta. Mu a Kano idan an ce damina, abin da ke zuwa mana a rai shi ne ruwan wata uku ko huɗu da kwatocin da ke cika. Can tsaunukan iyakar Kamaru damina daban ce: tana farawa da wuri, tana daɗewa, koguna su tumbatsa, hanyoyin cikin daji su koma taɓo. Kogin Kam, wanda mutanen wurin ke kira Mayo Kam, ana haye shi cikin sauƙi da rani, amma da ruwa ya sauka sai ya zama wani abu. Ga ciyawa ta fi mutum tsayi, dabba na gabanka ba ka gan ta ba. Lokacin zuwa shi ne daga Disamba zuwa Maris.

Corolla za ta kai ku Serti idan an duba ta da kyau: tayoyi, birki, ruwan lagireto, da safaya mai iska a ciki, ba wadda ta shekara a but ba a taɓa ta ba. Daga Serti zuwa ƙauyen Gashaka da cikin daji kuwa aikin mota mai jan ƙafa huɗu ne, ko babur, sauran kuma a ƙafa. Ku cika tanki a Jalingo, ku riƙe tsabar kuɗi, don sabis ɗin waya yana ɗaukewa, kuma taransifa ba ta sayen komai inda babu sabis.

Me za ku gani? Nan ne nake so ka gyara zato. Wanda ya saba da gidan zu na kan titin Zoo Road, ko ya je Yankari ya yi wanka a Wikki, yakan ɗauka zai zauna a mota dabbobi su yi masa fareti. Gashaka-Gumti ba haka yake ba. Shi ne gandun daji na ƙasa mafi girma a Najeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, an kafa shi a 1991 bayan haɗe dazuzzukan Gashaka da Gumti. Ɓangaren arewa, Gumti, yana jihar Adamawa, fili ne mai itatuwa jefi-jefi. Na kudu, wanda ke Taraba, duwatsu ne da kurmi mai duhu da ƙoramu, kuma a nan Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar nan, mita 2,419. Hawansa tafiya ce ta kwanaki a ƙafa, ku ajiye shi sai wani zuwan.

Abin da ya fitar da sunan dajin a duniya shi ne birin nan mai kama da mutum, cimfanzi, irin da ba a samu sai a Najeriya da Kamaru, wanda masana suka yi shekaru suna nazari a sansanin Kwano. Sai dai yana da gudun mutane ƙwarai. Kuna iya jin ihunsa ko ku ga sheƙar da ya kwana a kan itace, shi kuwa ko ƙyallinsa. Waɗanda suka fi sauƙin gani su ne gogo, biri mai baƙi da farin gashi, gadu, da dorina da kada a bakin ruwa. Akwai ɓauna ma. Tsuntsaye kam an ƙirga sama da iri 500. Kusa da ƙauyen Gashaka kuma akwai kufan ganuwar Jamusawa, tun zamanin da yankin ke hannunsu kafin yaƙin duniya na farko. Ni a ganina ko ita kaɗai ta isa a taka a je.

Ba a shiga sai da izini da rakiyar ma'aikatan gandun, saboda haka ku tuntuɓi ofishin Serti tun kuna Kano. Ku tambaye su masauki, kuɗin shiga, da halin tsaron hanya a makon da za ku tashi, ba labarin bara ba. Direbobin motocin Jalingo da Gembu ma sun san abin da ke faruwa kullum. Ku tafi da gidan sauro, maganin zazzaɓi, takalmi sau-ciki, rigar sanyi don dare, da tufafi masu dogon hannu. Ku guji baƙi da shuɗi, su ne launukan da ke jawo tsando.

Idan kuwa hutun ba zai wuce kwana huɗun nan ba, ku je Yankari ta Ningi da Bauchi, a yini ɗaya kun isa. Gashaka ku sa masa rana a Janairu.