Me ya sa tsohon cocin ƙauyen Kilpeck bai rushe ba?

Tambaya: Na ga hoton wani ƙaramin coci na jan dutse a ƙauyen Kilpeck da ke Ingila, ƙofarsa cike da sassaƙa, aka ce ya kusa shekara 900. Ta yaya ƙauye ya samu gini irin wannan, kuma me ya sa har yau yake tsaye?

Amsa: Malam, ka faɗa kan ginin da masana gine-ginen Turai ba sa gajiya da zancensa. Kilpeck yana gundumar Herefordshire, dab da iyakar Wales, kuma an gina cocin wajajen 1140.

Ba talakawan ƙauyen ne suka yi karo-karo suka gina shi ba. Bayan Normawa, mutanen Normandy da ke arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, sarki William ya rarraba ƙasa ga mutanensa. Kundin ƙidayar 1086 ya nuna Kilpeck na hannun William fitz Norman, ɗansa Hugh kuma shi ake dangantawa da ginin. A wancan zamani mai ƙasa yakan kafa coci kusa da gidansa mai ganuwa, ya zaɓi limamin da zai riƙe shi, manoma kuma su riƙa fitar da ushirin amfanin gonarsu don ciyar da limamin. Tudun da gidan Hugh yake yana nan yamma da cocin, da guntayen bangonsa. Wato ginin ibada ne, kuma shaida ce ta wanda ke da iko a wurin.

Fasalinsa ɗaki uku ne a jere, daga yamma zuwa gabas. Na farko babban zaure inda jama'a ke tsayuwa, don a lokacin ba a cika sa kujeru ba. Sai ƙaramin ɗaki na limami, sai lungu mai siffar rabin da'ira inda bagade, wato teburin ibada, yake. Tsakanin ɗaki da ɗaki akwai baka mai zagaye, wanda duk wanda ya taɓa ɗaga kai a soron da aka yi wa bakan gizo zai gane hikimarsa: nauyin sama na gangarowa ta gefe biyu ya sauka kan bango. Shi ya sa bangon ke da kauri, tagogi kuma ƙanana, don kada a rage masa ƙarfi.

Sassaƙar ita ce abin tsayawa a kalla. A ƙofar kudu, macizai sun nannaɗe ginshiƙai, akwai mayaƙa biyu masu tsinin hula a cikin sarƙar rassa, saman ƙofar kuma itace ne mai 'ya'ya. Sannan ka zagaya waje ka dubi ƙarƙashin rufi, inda duwatsu sama da 80 suka leƙo, kowanne da fuskarsa. Ga kare da zomo kafaɗa da kafaɗa, ga mai goge, ga wasu biyu rungume da juna, ga dodanni. A bangon yamma kawunan wasu dodanni sun miƙo da baki buɗe, harshe a naɗe, salon da ke tuna aikin mutanen arewacin Turai. Masassaƙan wata ƙungiya ce da ta yi aiki a coci-cocin yankin, irin su Shobdon, kuma ana ganin tasirin yammacin Faransa a hannunsu, ta hanyar Kiristoci masu ratsa can zuwa ziyarar ibada a garin Santiago de Compostela a Sifen. Ni abin da ya fi taɓa ni shi ne karen nan da zomo. Mutumin da ya sassaƙa su ya san dabbobin ƙauyensa, ya kuma ga sun cancanci zama a jikin ɗakin ibada.

To, me ya hana shi rushewa? Dutsen yana da ƙwari, an kuma yi masa gyara a ƙarni na 19. Amma babban dalili, a ganina, talauci ne. Kilpeck ya taɓa zama gari mai kasuwa, sai ya dusashe a ƙarni na 14, zamanin yunwa da annobar da ta shiga Ingila a 1348, gidan mai ƙasar ma ya zama kufai. Garuruwan da suka yi arziki da cinikin ulu, kamar Lavenham da Long Melford a Suffolk, sun sāke gina coci-cocinsu a ƙarni na 15, suka yi dogayen hasumiyoyi da manyan tagogin gilashi, tsohon aikin ya tafi. Mutanen Kilpeck ba su da kuɗin yin haka, yawansu kuma bai kai a faɗaɗa zauren ba. Suka bar shi yadda suka gada, suna toshe inda ya yoyo.

Wani dalilin kuma, ba a taɓa daina amfani da shi ba. Ko da sarki Henry na Takwas ya raba cocin Ingila da Fafaroma a 1534 ya rufe gidajen sufaye, coci-cocin ƙauye sun ci gaba da aiki, don nan ake baftisma, nan ake ɗaurin aure, a harabarsu ake binne mamata. Har yanzu ana ibada a cocin Kilpeck, ƙarƙashin Cocin Ingila, baƙi kuma na zuwa daga nesa su ga ƙofar.