Maƙwabcina Yana Haƙa Rami a Gindin Katangata: Mene ne Hukunci?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Maƙwabcina ya fara haƙa rami mai zurfi a filinsa domin ginin bene. Ramin ya zo dab da katangar gidana, zurfinsa kuma ya wuce na fandishona. Da na yi masa magana sai ya ce filinsa ne, bai shiga nawa ba ko da taku ɗaya. Ina da haƙƙin dakatar da shi? Idan gidana ya tsage, wa zai biya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Ɗan'uwa, maƙwabcinka ya yi gaskiya da ya ce filinsa ne, kuma asali mutum yana da ikon sarrafa abin da ya mallaka. Sai dai ikon yana da iyaka, iyakar kuwa ita ce faɗin Annabi (SAW): "Babu cuta, babu cutarwa." Imam Malik ya kawo hadisin a Muwaɗɗa, Ibn Majah ma ya ruwaito shi, kuma a kansa malamai suka gina ƙa'idar cewa cuta gusar da ita ake yi. A Bukhari kuma Annabi (SAW) ya rantse sau uku cewa bai yi imani ba, wanda maƙwabcinsa bai kuɓuta daga sharrinsa ba.

Kafin hukunci sai mu fahimci yadda cutar take aukuwa, domin mutane da yawa suna zaton muddin shebur bai taɓa katanga ba to ba a yi komai ba. Nauyin gini yana sauka ne cikin ƙasa yana bazuwa gefe da gefe. Ƙasar da ke ƙarƙashin fandishonka tana iya ɗaukar wannan nauyi saboda ƙasar da ke kusa da ita ta tokare ta, kuma wani ɓangare na wannan tokarin yana cikin filin maƙwabci. Idan aka kwashe shi, sai ƙasar da ke ƙarƙashin gininka ta fara zamewa zuwa cikin ramin, fandisho ya sauka ta gefe guda, bango ya tsage, ƙofofi su daina rufuwa. Injiniyoyi suna da ma'auni na ƙiyasi: a ja layi daga ƙasan fandisho ya gangara waje a kan digiri 45, duk haƙar da ta kutsa ƙarƙashin layin ta shiga wurin haɗari. Ƙasa mai yashi ta fi saurin zaftarewa, ruwan sama idan ya taru a ramin yana sassauta gefensa, zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa da inji yana sa ƙasar da ke kewaye ta zauna, girgizar manyan injuna ma tana ƙara nata. Allah da kansa ya buga misali da ginin da aka kafa a gaɓar rami mai zaftarewa, a aya ta 109 cikin Suratut Tauba.

Malamai sun yi saɓani a kan mai aiki cikin milkinsa idan aikin ya cutar da maƙwabci. Abin da aka sani daga magabatan Hanafiyya, kuma Shafi'iyya suna kusa da shi, shi ne ba a hana mai milki, sai dai Shafi'iyya sun ɗora masa biya idan ya wuce abin da aka saba. Malikiyya da Hanbaliyya suka ce a hana shi duk abin da cutarsa ta bayyana. Daga baya Hanafiyya ma suka koma ga hana cuta mai tsanani, har Majallatul Ahkamil Adliyya, kundin dokoki na daular Usmaniyya ta Turkiyya, wadda aka kammala a 1876, ta lissafa abin da ke raunana gini ya zama sanadin rushewarsa cikin irin wannan cuta. Ni abin da nake gani ya fi ƙarfi shi ne hanawa, domin shi ya dace da hadisin, kuma ba a ce wa mutum ya jira rufi ya faɗo wa 'ya'yansa sannan ya zo neman haƙƙi.

Wani zai iya kawo hadisin Bukhari da Muslim cewa abin da rijiya ta halaka babu biya a kansa. Malamai sun ɗauke shi a kan wanda ya haƙa inda yake da izini ba tare da ta'addi ko sakaci ba. Wanda aka gaya masa haƙarsa za ta janye ƙasa daga ƙarƙashin gidan wani, ya ci gaba ba tare da kariya ba, ya fita daga wannan rangwamen.

Don haka ba ka da ikon hana shi gini gaba ɗaya, amma kana da ikon neman ya dakata da haƙar har sai ya kare gininka, kuma kuɗin kariyar a kansa yake, tunda shi ya kawo sabon abu a kan ginin da ya riga shi. Wace irin kariya? Wannan ba aikin malamin fiƙihu ba ne ya yanke. Alƙalan Musulunci tun da can suna komawa ga masana gini, kamar Ibn Rami, maginin Tunis na ƙarni na 14, wanda alƙalai suke aikawa ya duba irin wannan rigima har ya rubuta littafi a kanta. Yau injiniya ne a wannan matsayi. Yana iya cewa a ja ramin baya, ko a tokare gefensa da katako ko ƙarfe, ko a gina katangar kankare mai riƙe ƙasa, ko a zurfafa fandishonka kaɗan-kaɗan, a haƙa kamar mita 1 a zuba kankare ya yi ƙarfi kafin a taɓa na kusa da shi. Dokokin gini na hukuma da aka kafa don tsare rayuka su ma bin su wajibi ne. A Ingila, misali, dokar 1996 ta wajabta sanar da maƙwabci wata 1 kafin a haƙa ramin da ya fi fandishonsa zurfi a tazarar mita 3.

Batun biya kuwa, idan masana suka tabbatar haƙar ce ta jawo tsagewa ko rushewa, kuma an yi ta ba kariya, mai haƙar zai mayar da ginin yadda yake ko ya biya ƙimar abin da ya lalace. Idan ya ɗauki ɗan kwangila ya umarce shi da yin kariya, shi kuma ya yi sakaci, biyan yana komawa kan ɗan kwangilar. Idan an rasa rai, Allah ya kiyaye, maganar ta zama ta diyya, alƙali ne mai yanke ta.

Kai ma akwai abin da ke kanka, kuma ina roƙonka kada ka tsallake shi. Idan ma'aikatansa suna buƙatar shiga gidanka don tokare bango, ka ba su hanya. Annabi (SAW) ya hana maƙwabci ya hana maƙwabcinsa kafa itace a bangonsa, Sayyidina Umar kuma ya tilasta wa Muhammad bin Maslama ya bar Dahhak bin Khalifa ya ratsa da hanyar ruwa ta gonarsa, tunda ba ta cutar da shi. Tsohuwar tsagewar da ta riga haƙar haramun ne ka ɗora masa ita. Idan kuma fandishonka ne ya kutsa cikin filinsa a ƙarƙashin ƙasa, to a nan shi ne mai haƙƙi, domin wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa shi daga ƙassai bakwai, sai ku yi sulhu ko ka janye.

Yau ɗin nan ka ɗauki hoton bangonka ciki da waje a gaban shaidu, ku kira injiniyan da kuka yarda da shi ku biyu, ku rubuta abin da kuka daidaita a kai. Idan ya ƙi, ka kai maganar ga hukumar da ke kula da gine-gine ko ga alƙali, kada ka cike masa rami ko ka kori ma'aikatansa da hannunka. In ka ga tsagewa tana faɗaɗa ko ƙasa tana zubewa daga gefen ramin, ka fitar da iyalinka daga ɗakunan da ke wannan ɓangaren nan take, kada ka jira a gama shari'a.

Allah ne mafi sani.