Kafin ka kai tirela wajen gwajin tuƙi

Ka ce mini an ba ka ranar gwajin lasisin babbar mota, ka wanke kan motar da tirelar tas, ka cika tanki, kana tambaya ko da sauran abin da ya rage. Ka kuma ce wasu yaran mota sun ba ka shawara ka tafi da tirelar wayam babu kaya, wai ta fi daɗin ribas. To yaro, saurara. Wanki ba laifi ba ne, amma mai gwaji ba ya ba ƙyallin fenti maki. Tun kafin ka tayar da inji ya fara auna ka, kuma abin da yake nema shi ne ko ka san motar da kake shirin ja, ko kuwa an miƙo maka makulli ne kawai.

Saboda haka motar da za ka yi gwaji da ita, ita za ka riƙa atisaye da ita daga yau, kai da tirela duka. Kada ka yarda a sauya maka tirela ranar da safe don wai waccan ta fi sabunta. Kowace tirela da halinta. Tazarar da ke tsakanin ƙusarta, wato ƙarfen da ke ƙarƙashin gabanta wanda ke maƙale ta da kai, da tayoyin baya ita ke faɗa maka yadda za ta yanke kwana da yadda za ta karye a ribas, kuma idonka da hannunka sun saba da taka ne, ba da ta wani ba.

Maganar kaya kuwa, abokan naka sun faɗi son ransu ne. Da farko, ba kai ke zaɓa ba. Ka karanta takardar da aka ba ka ta gwajin, don hukumomi sun bambanta. A ƙasashen Tarayyar Turai, alal misali, motar gwajin wannan rukuni sai nauyinta da kayanta ya kai kilo 15,000 kafin a karɓe ta, tsawonta kuma bai gaza mita 14 ba. Wani wurin ba a neman kaya ko kaɗan. Na biyu, tirelar da ba kaya ba ta da sauƙin da suke zato. An yi birkinta da sifirin ɗinta ne don ɗaukar nauyi, idan babu shi sai ta riƙa tsalle, taya ta ƙi kama ƙasa sosai, ka taka birki da ƙarfi ta kulle ta ja. In an ce a zo da kaya, ka shimfiɗa shi daidai a ɗaure tamau. In tankin ruwa ne, a cika shi maƙil, don ruwan da ya tsaya rabi duk tsayawar da ka yi sai ya tunkuɗo ka gaba.

Yanzu mu zo kan iska, don nan ne ran babbar mota yake. Sa waigi a taya tukuna. Tayar da inji ka bar iska ta taru har kwamfaresa ta yanke, za ka ji ta yi tsaki ta fitar da numfashi. A motocin ƙirar Amurka allurar gejin iska kan tsaya tsakanin 120 da 140 a ma'aunin matsin iska da ake kira psi, na Turai wasu kan wuce haka, kuma su da wani ma'auni mai suna bar suke lissafi, don haka ka san adadin taka. Kashe inji, ka mayar da makulli don geji ya yi aiki, ka saki birkin ajiya na kai da na tirela, sannan ka danne birkin ƙafa ka riƙe. Allura za ta ɗan faɗi da farko, wannan ba komai. Daga nan ka duba agogo minti ɗaya cif. Ma'aunin da ake koyarwa a Amurka shi ne kada kai da tirela a haɗe su zubar da fiye da psi 4 a minti ɗayan nan. In ta wuce, akwai yoyo. Sauka ka bi tiyo da kunne, inda kunne ya kasa ka shafa ruwan sabulu, kumfa za ta nuna maka wurin. Sau da yawa ba wani babban abu ba ne, robar bakin tiyo ce ta tsage inda ake haɗa shi da tirela.

Bayan haka ka riƙa taka birki kana saki don iskar ta ragu. Fitilar gargaɗi da ƙararrawa su tashi kafin allura ta sauka ƙasa da psi 55. Ci gaba da takawa, tsakanin 45 da 20 birkin ajiya zai kama da kansa. Ka fahimci dalili, don mai gwaji yana iya tambaya: a cikin tukunyar birki akwai ƙaton sifirin da iska ke danne shi, iska na ƙarewa sai ya saku ya kama taya. Shi ya sa tirelar da ta tsinke daga kai take tsayawa da kanta. Kuma kada ka manta ka tsiyaye ruwan tankunan iska. In ka ga ruwan ya fito haɗe da baƙin mai, ka faɗa mini, kwamfaresa ce ta fara ba da labari.

Haɗa kai da tirela shi ne inda na fi so ka nutsu, don a nan ne sauri ke haifar da nawa. Kafin ka matso da kai, je ka tabbatar birkin ajiya na tirela a ɗaure yake, da hannunka, ba wai wani ya ce maka ya ɗaure ba. Duba farantin da tirela ke zama a kansa: akwai giris, bakinsa a buɗe, ya ɗan sunkuya baya. Sannan ka auna tsayi da ido. Ana so faranti ya ɗan ɗaga tirelar yayin da yake shiga ƙarƙashinta. In tirelar ta yi sama da yawa, ƙusar na iya hawa bisa haƙoran farantin da ke kama ta maimakon ta shiga tsakaninsu, ko ta tsallake farantin gaba ɗaya gaban tirela ya daki bayan kai. Ƙusar nan kaurinta inci 2 ne kawai a yawancin tireloli, kuma ita ke jan duk abin da ka ɗauko.

Yi baya a hankali har ka ji ƙaram. Kada ka amince da ƙarar. Sa giya ta ɗaya ka ɗan ja gaba sau biyu, tirela na ɗaure, ka ji ta riƙe ka. Sai ka ja birkin ajiya na kai kafin ƙafarka ta taɓa ƙasa. Wannan ba ka'idar gwaji kaɗai ba ce. Direbobi sun mutu a daidai nan: mutum ya sauka bai ja birkin kai ba, ya hau bayan kai ya haɗa jan tiyo, iska ta shiga ta saki birkin tirelar da ba a ɗaure ba, motar duka ta gangara yana tsaye a tsakani. Ɗauki tocila ka durƙusa ka leƙa. Kada haske ya ratsa tsakanin faranti da cikin tirela ko kaɗan. Haƙoran su rufe a wuyan ƙusa, ba a kanta ba. Hannun sakin ya koma ciki, ka saƙala masa makarinsa.

Daga nan sai tiyo da wayoyi. Ja shi ne mai kai iska tankin tirela a ko'ina. Na birkin ƙafa rawaya ne a motocin Turai, shuɗi a na Amurka. Kada su harɗe, kada su yi jan ƙasa, kuma su sami sakin da za su bi kwana ba su tsinke ba. Haɗa wayar fitilu da ta ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, ka naɗe ƙafafun tirela har ƙarshe, ba rabi ba, ka rataye hannun a mazauninsa. Sai a ƙarshe ka saki birkin tirela. Kwancewa kuma ka bi tsarin daga ƙarshe zuwa farko, a kan ƙasa mai tauri wadda ƙafafun ba za su nutse ba. Ka yi ta maimaitawa har hannunka ya riga tunaninka, kana yi kana faɗin abin da kake yi da baki, don mai gwaji ba ya ganin abin da ke cikin kanka.

Taya ka auna iskarta tun ba ta yi zafi ba, da geji, dukan ta da ƙarfe bai isa ba. Leƙa tsakanin tagwayen taya ko dutse ya maƙale, ka duba ta ciki wadda kowa ke mantawa da ita. Kumburi ko yanka da ya kai ga zare, a cire ta. Zanen tayar gaba shi aka fi tsananta wa: a Amurka sai ya kai kusan milimita 3.2, sauran kuma 1.6. A gefen taya akwai lamba huɗu da ke faɗin shekarunta, in ka ga 2319 an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019 ke nan, kuma tun 2021 Ingila ta hana tayar da ta haura shekara 10 a gaban babbar mota. Noti kuwa, in ka ga jan layin tsatsa ya zubo daga ƙarƙashinsa, ko ƙarfen gefensa ya yi sheƙi, ya saki.

Fitilu sai da mutum biyu, ɗaya a ciki ɗaya a baya: birki, sigina hagu da dama, ribas, fitilar lamba, da na gefe. In ka sa sigina ka ga wasu fitilun tirelar suna lumshewa tare da ita, ba ƙwai ba ne, wayar ƙasa ce ta yi tsatsa. Baƙin mai, ruwan lagireto, waifa, hon, waɗannan ka san su tun kana wanke mota. Takardun kai da na tirela, inshora da takardar koyonka, su kwana cikin jaka ɗaya. Kujerar mai gwaji ta zama da bel mai aiki, kuma ka kwashe tarkacen da ke kan dashbod.

Madubi ka saita shi kai da tirela suna miƙe sambal, kana zaune yadda za ka yi tuƙi. Babban ya nuna maka ɗan siririn gefen tirela har ƙarshenta, ƙaramin ya nuna tayoyin baya inda suka taɓa ƙasa, don su ne ke hawa gefen titi a kwana, kuma hawan nan na kayar da mutum a gwaji nan take.

Duk wannan binciken ka yi shi tun da sauran kwanaki, yadda in an ga matsala makanike zai sami lokacin gyara kai kuma ka sake gwada motar bayan gyaran. Gobe ka zo da wuri da tocila da agogo, mu fara daga gejin iska.