Tambaya da Amsa: Ina Ya Kamata Kuɗin Taimakon Jinyar Yara Su Nufa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu 'yan ƙungiyar ci gaban ƙauyenmu ne a ƙaramar hukumar Ringim. Bayan kaka mukan yi karo-karo, 'yan ci-rani ma su aiko da nasu. Bana muna so mu sayo magungunan yara katan-katan, mu sa rana mu raba a ƙofar gidan dagaci. Wanne ya kamata mu fi sayowa?
Daga sakataren ƙungiya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Allah ya saka muku da alheri, amma shawararmu ita ce ku fasa wannan rabon. Magani ba hatsi ba ne da za a auna wa kowane gida kwano guda. Na yaro sai an gano cutar, an kuma duba nauyinsa, kafin a yanke yawan da zai sha. Wanda aka jibge a ɗakin kwano ya sha zafin bazara ƙarfinsa raguwa yake yi. Ga kuma abubuwan da tun asali kyauta ne: alluran rigakafi, da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana bai wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 kowane wata da damina. Sayen irin waɗannan asarar kuɗi ce.

Abin da ya fi cin yaran karkara jinkiri ne. Yaro ya fara jijjiga da tsakar dare, maigida yana ta neman kuɗin mota, kafin a haɗa gari ya waye. Saboda haka ku fara da abin hawa. Ku yi magana da direba ɗaya da 'yan acaɓa biyu, a yanke kuɗin zuwa asibitin da ya fi kusa da ke kwantar da yara, su ɗauki marar lafiya ko ƙarfe nawa ne, ƙungiya ta biya washegari.

A asibiti, zazzaɓi mai tsanani allurar artesunate ake yi masa aƙalla sau uku: ɗaya nan take, ɗaya bayan awa 12, ɗaya bayan awa 24, sannan a bi da ƙwayoyi na kwana uku. Iyaye da yawa kuɗinsu kan ƙare bayan ta farko, su ga yaro ya buɗe ido su ce a sallame su, ciwon kuwa ya dawo. Asusunku ya ɗauki nauyin cikon. Haka ƙarin jini: ko ɗan'uwa ne ya bayar kyauta, akan biya kuɗin leda da na gwajin ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere. Ku rubuta sunayen matasan gari masu lafiya da rukunin jinin kowa tun kafin buƙata ta taso. Kada a manta da abincin mai jinya, domin yunwar uwa tana cikin abubuwan da ke sa a gudu daga gadon asibiti.

Wajen riƙon kuɗi, ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, mutum uku masu sa hannu, sai biyu sun amince a cire. A sa mace a ciki, don mata ne ke fara sanin gidan da yaro ke kwance. A biya a wurin karɓar kuɗi na asibiti a amso rasit, a kuma ƙayyade iyakar abin da za a kashe wa yaro ɗaya, in ba haka ba jinya guda za ta cinye na shekara. Ku kuma tambayi shugaban asibitin mazaɓarku yadda ake rajistar yara 'yan ƙasa da shekara biyar a shirin taimakekeniyar lafiya, JICHMA a Jigawa, KSCHMA a Kano.

In dai sai kun sayi wani abu, ku sayi garin gishiri da sukari na gudawa da ƙwayar zinc, ku danƙa wa ma'aikacin lafiya. Ƙunshi ɗaya ana dama shi a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, zinc kuma kullum har kwana 10 zuwa 14.

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Dawanau. Na ga ana sayar da abincin tamowa na leda a kasuwa, ina so in saya in aika ƙauyenmu sadaka.

Amsa: Alhaji, kada ka saya. Wannan abincin kyauta ake ba da shi a cibiyoyin tamowa, wanda ka gani a tire galibi daga rabon wani yaro aka karkatar da shi, sayenka kuma zai ƙarfafa masu yin haka. Leda ɗaya giram 92 ce, yaro ɗaya kan ci kusan katan guda mai leda 150 cikin mako shida zuwa takwas kafin ya murmure. Idan aka raba wa yaran gida kowa ya lasa, marar lafiyar bai samu abin da zai tashe shi ba. Ba da ido ake gane mai buƙata ba: ana auna damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa 59 da zaren awo, in ya faɗa kan ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, sai a kai shi cibiyar tamowa. Wanda ya ƙi cin abinci gaba ɗaya kwantar da shi ake yi, a fara da madara ta musamman. Inda kuɗinka zai yi aiki shi ne kuɗin motar uwa zuwa awon mako-mako, don yankewar zuwa ce ke mayar da jinya baya.

Tambaya: Kullum ina ganin bidiyon yara marasa lafiya a Facebook da WhatsApp da lambar asusu a ƙasa. Yaya zan gane na gaskiya?
Daga wata malamar makaranta, Gwarzo

Amsa: Malama, ki nemi sunan asibitin, da ɗakin da aka kwantar da yaron, da takardar ƙiyasin kuɗin aiki mai hatimi. Ki tura wanda kika yarda da shi ya gano da idonsa, ya biya a asibitin, ya kawo miki rasit. Wanda ya ce lallai sai ta asusunsa, ko ya hana a zo dubiya, ki riƙe kuɗinki. Ki kuma duba ranar da aka fara sa bidiyon, domin wasu sukan ci gaba da yawo shekara guda bayan an sallami yaron.