Amsa kan ƙadangare mai gemu da ke jan ƙafa

Assalamu alaikum ƴan'uwa, barkanmu da yamma. Ƙanena, kai da ka turo bidiyon ƙadangarenka mai gemu, ɗan Ostareliyan nan, kana tambaya ko karaya ce a kai shi wajen maɗori. To na kalla da kyau. Don Allah kar ka kai shi, kuma kar ka bari kowa ya ja masa ƙafa ko ya matsa ta.

Sake kallon bidiyon ka gani. Ƙafafun baya duka biyu yake ja. Da ka ɗora shi a tafin hannu, yatsunsa rawa suke yi. Cinyoyin sun kumbura, haɓarsa ta ƙasa ta ɗan ja baya, bakin ba ya rufuwa daidai. Wannan laushin ƙashi ne, kalsiyom, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, ya ƙare masa. Ƙashin da ya yi laushi haka, in aka ja shi karyewa zai yi.

Ka gane, jini na buƙatar kalsiyom kullum don nama da jijiyoyi su yi aiki. In bai samu daga abinci ba, sai jiki ya koma kwasa daga ƙashi, kamar mai ɗibar ƙasar gindin katanga yana yaɓe samanta. Kuma ko ka cika masa ciki da kalsiyom, hanji ba ya ɗauka sai da bitamin D3, wanda fatarsa ke haɗawa in wani haske da ke cikin rana, UVB, ya sauka a kanta. To gilashi yana tare wannan hasken. Ni kuwa akwatin gilashi na gani a falo, kusa da taga a rufe. Wallahi abin da ke min ciwo ke nan. A Damagaram muke, rana kyauta ce, dubi ƙadangarun da ke shan hantsi kan duwatsun Birni yadda suke tsere, shi kuma naka rana ce ya rasa.

Ampul ɗin da ka sa masa ɗumi kawai yake bayarwa. Akwai fitilar UVB ta musamman, ita ma ana canza ta tsakanin wata 6 zuwa 12 ko da tana ci, don ƙarfinta raguwa yake yi. Mu nan abin da ya fi sauƙi, ka samu keji na raga, ka fitar da shi tsakar gida da hantsi, minti 30 zuwa awa guda, rabin kejin a inuwa don ya koma in ya ji zafi. Ka zauna kusa saboda kyanwa da shaho. Amma ka ji ni da kyau, kar ka taɓa ajiye akwatin gilashi a rana, musamman da bazara da zafi ke wuce digiri 40. Kafin ka ankara ya mutu.

Abinci kuma. Ka ce gyare da tsutsa kake ba shi. Waɗannan wani sinadari, fosfor, ya fi kalsiyom yawa a cikinsu, alhali ana so kalsiyom ya ninka fosfor sau biyu. Sai ka riƙa barbaɗa musu garin kalsiyom kafin ka ba shi. In ba ka samu ba, ɓawon ƙwai ma kalsiyom ne: ka tafasa, ka shanya, ka daka ya yi laushi liƙis, ka tankaɗe. Ka haɗa masa da ɗanyen ganyen zogale. Alayyahu ka rage, yana ɗaure kalsiyom, salad kuwa ruwa ne kawai. Soyayyar farar kasuwa mai gishiri da yaji ba abincinsa ba ce, ta daji ma a kula, don ana feshi.

Wani abu kuma, na ga rairayi ka zuba masa a ƙasa. Kwashe shi yau, ka shimfiɗa takarda. Yana haɗiyewa tare da ƙwari ya toshe masa ciki, wannan ma yana kashe ƙafafun baya. Ka fitar da dutsen nan da reshen da yake hawa, faɗuwa guda ta isa ta karya shi.

Duk da haka, tun da har rawar jiki ta fara, ya wuce gyaran gida kaɗai. Ka kai shi wajen likitan dabbobi ya duba, a auna nauyinsa, shi zai yanka masa kalsiyom na ruwa daidai jikinsa. Kar ka sayo bitamin D na mutane a farmasi ka ɗura masa, in ya yi yawa ƙoda yake lalatawa. Ƙarfi zai dawo in sha Allah, amma sannu a hankali, wata da watanni, kuma inda ya riga ya lanƙwashe a baya ko jela haka zai zauna. Dabbar da ke kai shekara 10 zuwa 15, ta cancanci wannan ɗawainiyar.

Ka faɗa min rabonsa da kashi, kuma in mace ce ka sanar da ni, don suna yin ƙwai ko babu namiji, ƙwan kuma yana cinye musu kalsiyom sosai. Allah ya ba shi lafiya.