Za a iya kai kamfanin maganin sauro kotu?

Hajiya, Allah ya ba yaron lafiya. Kin ce numfashinsa ya sarƙe bayan an fesa maganin sauro a ɗakinku a Aboabo, kina son shigar da ƙara. Ana iyawa. A Amurka, a 2018, wani mai suna Dewayne Johnson ya kayar da kamfanin Monsanto a kotu kan maganin kashe ciyawa Roundup. Amma wuyar aikin ita ce hujjar cewa maganin ne ya jawo ciwon.

Don Allah kar ki yar da gwangwanin. Ki kai yaron asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi, likita ya rubuta abin da ya gani. Ki duba ko hukumar kare muhalli ta Ghana, EPA, ta yi wa maganin rajista. In na cikin kwalba marar suna ne, wa za ki kama? Sannan ki nemi lauya, kar ki jinkirta.