Ku Tambaya Mu Amsa: Yadda Ake Riƙon Tsofaffin Jiragen Ƙasa Masu Aiki da Lantarki

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowar, dukkansu daga cikin birnin Kano, kuma dukkansu a kan jirgin ƙasa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Sana'ata naɗin waya da gyaran injinan lantarki ce a Fagge. Yarona ya nuna mini hoton wani jirgin ƙasa mai aiki da lantarki a Ingila, ya ce samfurin 1938 ne kuma bai daina ɗaukar fasinja ba sai a 2021. Ni da na san yadda inji ke ƙonewa, abin ya ƙi shiga kaina. Idan gaskiya ne, da wace dabara aka riƙe shi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Yaronka bai ƙara gishiri ba. Jiragen da ya nuna maka sun yi aiki ne a tsibirin Wight da ke kudancin Ingila, a kan wani ɗan layi tsakanin garin Ryde da garin Shanklin wanda tsawonsa bai cika kilomita 14 ba. Asalinsu jiragen ƙarƙashin ƙasa ne na birnin Landan, kuma sai da suka yi kusan shekara 50 suna aiki a can kafin a yi musu kwaskwarima a tsallaka da su tsibirin a 1989, inda suka ci gaba da jigila har watan Janairun 2021. Ba don sha'awar tsohon kaya aka kai su ba. A Ryde akwai wani rami da layin ke ratsawa, rufinsa gajere ne, jiragen da aka saba gani ba sa iya shigewa, sai irin na ƙarƙashin ƙasa waɗanda dama a gajarce aka ƙera su. Tun da aka sa wa layin lantarki a 1967, kwancen Landan yake amfani da shi.

Amsar tambayarka kuwa rabinta tana cikin shagonka. Jirgin lantarki ba shi da injin da ke ƙona mai, saboda haka babu fistan, babu zobe, babu lagireto. Wutar tana zuwa masa daga waje, ko dai ta wayar sama da wani hannu ke shafa daga kan rufi, ko kuma ta ƙarfe na uku da aka shimfiɗa a gefen layi, wanda shi ne tsarin wancan tsibiri. Daga nan sai ta shiga injinan da ke maƙale a jikin ƙafafun jirgin, waɗanda a tsofaffin jirage irin masu burushi ne, wato ɗan gawayin da ke goga jan ƙarfe ya kai wuta cikin inji, tamkar waɗanda kake kwancewa kullum, sai dai girma. Abin da ke cinyewa a cikinsu, wato burushi da boris, dama an yi shi ne domin ya cinye a sauya. Muddin an sauya burushi kafin ya ƙare har ya fara kartar jan ƙarfen da yake gogawa, aka kuma hure baƙar ƙurar da yake zubarwa kafin ta taru ta zama hanyar da wuta za ta bi ta yi tartsatsi, to injin yana iya daɗewa fiye da wanda ya ƙera shi.

Babban abokin gabarsa shi ne lalacewar rufin waya. Zafi yana gasa shi, danshi yana ratsa shi, shekaru suna busar da shi har ya fara tsagewa. Shi ya sa ma'aikatan irin waɗannan layuka ba sa jiran su ji ƙauri. Suna auna ƙarfin rufin da na'ura lokaci-lokaci, su rubuta abin da suka samu a littafin wannan injin, idan suka ga adadin yana ta sauka sai su sauke shi a sake naɗi, a tsoma shi a bainishi, a gasa, a mayar. Nan ne, a ganina, bambancin yake tsakaninsu da yawancinmu. Kai ana kawo maka inji bayan ya ƙone, mai shi yana tsaye a kanka yana gaggawa, su kuwa suna cire nasu yana cikin aiki lafiya, domin littafi ya nuna lokacinsa ya yi.

Bayan inji akwai birki, wanda da iska yake aiki, don haka dole a riƙa tsiyaye ruwan da ke taruwa a tankunan iska, a kuma sauya robobin da suka bushe. Akwai ƙafafu, waɗanda idan suka zame a kan ƙarfe lokacin birki sukan yi shafaffen wuri, sai a ji jirgi yana tafe yana bugawa, kuma maganin wannan shi ne a ɗora ƙafar a injin sassaƙa a dawo mata da da'irarta. Sai tsatsa, wadda ta fi wahalar da jiragen wancan tsibiri, domin ƙarshen layinsu yana kan gada ce da ta shiga cikin teku, ruwan gishiri yana fantsamar musu.

Abin da ya kayar da su a ƙarshe shi ne rashin kayan gyara. Masana'antun da suka ƙera sassansu sun daɗe da daina yi, sai aka koma yanka wani jirgi domin a rayar da wani, irin yadda ake yi wa tsofaffin motoci a Ƙofar Ruwa. Wannan dabara tana da iyaka, domin kullum jiragen raguwa suke yi, har ta kai a shekarun ƙarshe an yi kwanakin da jirgi ɗaya tak ke iya fita aiki.

TAMBAYA: Ni malamar makaranta ce a Gwale. Maimakon wannan wahala duka, ba gara a sayi sabo a huta ba?

AMSA: Malama, da kuɗin yana nan da an saya. Ƙaramin reshen layin dogo fasinjansa kaɗan ne, abin da yake tarawa ba ya sayen sabon jirgi, sau da yawa zaɓin da ke gabansa shi ne ya lallaɓa tsoho ko a rufe layin. A Japan akwai layin Choshi, gabas da Tokiyo, mai tsawon kilomita 6.4 kacal, wanda ke sayen kwancen jirage daga manyan kamfanoni, yana kuma sayar da wani gasasshen abin taunawa na shinkafa domin cike giɓi. A 2006 sai da kamfanin ya fito fili ya roƙi jama'a su sayi wannan abin taunawa domin ya sami kuɗin binciken jiragensa da doka ta wajabta, mutane kuma suka amsa.

Duk da haka ina tare da ke a wuri guda. Ranar da tsatsa ta ci ƙashin tarago, wato ƙarfen da ke ɗauke da nauyinsa, ko aka fara ganin tsagewa a jikinsa, to maganar lallaɓawa ta ƙare, domin rayukan mutane ne a ciki. Ko a tsibirin Wight da aka sauya jiragen a 2021, waɗanda aka kawo ma tsofaffin taragun Landan ne da aka sake wa injina da kayan ciki.

TAMBAYA: Na yi aikin reluwe a loko, wato sashen kula da kawunan jirgi, har na yi ritaya, yanzu ina zaune a Sabon Gari. Mu da ba mu da jirgin lantarki a Kano, me ya shafe mu da wannan magana?

AMSA: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Gaskiyarka, jirgin lantarki a ƙasar nan sai a Legas, inda layin da ya tashi daga Marina zuwa Mile 2 ya fara ɗaukar fasinja a 2023. Amma mu ma muna da reshe. Layin dogo ya iso Kano a 1911, sannan a 1930 aka kammala reshen da ya bi ta Ringim da Malam Madori ya tuƙe a Nguru, wanda ya yi shekaru yana kwaso gyaɗa da fatu. Faɗinsa milimita 1,067 ne, daidai da na layin Choshi da na ambata. Ba na cikin masu cewa a ja masa wayar lantarki yanzu, domin hanya ce mai nisan fiye da kilomita 200, wutarmu ba ta tsayawa, kuma wayar jan ƙarfe a daji sai da mai gadi.

Sai dai kai ka fi ni sanin cewa manyan kawunan jirgin da ka yi wa hidima, duk da gas suke sha, lantarki ne ke tura su. Injin gas ɗin janareta yake juyawa, janaretan ya ba injinan ƙafafu wuta, kuma waɗannan injinan 'yan'uwan waɗanda na bayyana wa mai tambaya na farko ne. Abin da gishirin teku ke yi wa jiragen Ingila, ƙurar hunturu tana yi wa namu ta wata fuska: tana toshe matatar iska, tana kwanciya a kan naɗin waya ta hana shi hucewa, idan damina ta zo kuma ta jiƙe ta zama laka. Ke nan ilimin ɗaya ne.

Ina yaro na taɓa tsayawa a tashar Kano ina kallon wani dattijo yana bin jikin jirgi da doguwar guduma, yana ƙwanƙwasa kowace ƙafa yana karkata kunne. Wadda ta yi ƙara garau sai ya wuce, a wata kuwa ya tsaya ya sake bugawa, ya taɓa akwatin boris da bayan hannunsa ya ji ko ya yi zafi, sannan ya ciro alli ya yi alama. Wannan kunnen da wannan hannun su nake jin tsoron mu rasa, fiye da ƙarfen kansa. A tsibirin Wight an ajiye ɗaya daga cikin jiragen 1938 a gidan adana jirage na Havenstreet, a Legas ma akwai ɗan gidan tarihin reluwe a Ebute Metta, kuma Kano ta cancanci nata: kan jirgi ɗaya da tarago ɗaya a ƙarƙashin rumfa, a ɗaure musu takardunsu, kafin 'yan gwangwan su rigaye mu.

Saboda haka muna roƙonka, Baba, ka sake rubuto mana ka faɗi ranar da za ka sami sarari. Za mu zo Sabon Gari da na'urar ɗaukar murya da littafi, kuma idan akwai abokan aikinka na loko da ke kusa, a gayyato mana su.